Ranar Maraɗi da masana'antunta: riba tana cikin ruwan zafi, ba cikin madubi ba

Duk sa'ad da kuran ya ɗauke a Maraɗi cikin bazara, magana ɗaya ce ke fitowa a rumfunan kasuwa: ga rana tana dukanmu a banza, me ya hana a kama ta a sa ta aiki? Maganar ta ƙara ƙarfi tun watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, har Maraɗi da Damagaram, waɗanda layinsu ke tasowa daga Katsina ya bi ta Gazawa, suka ɗanɗana kuɗarsu. Tambayar tana kan hanya. Sai dai masu amsa ta sukan cuɗa abubuwa uku wuri guda. Akwai fanon da ke mai da hasken rana lantarki, wanda kowa ya sani a kan rufin shaguna. Akwai manyan tashoshin madubi da ke tara zafin rana su tafasa ruwa, tururin ya juya injin lantarki. Sannan akwai na'urar da ke kama zafin ta miƙa shi ga aiki kai tsaye, ba tare da an bi ta lantarki ba. Ra'ayina shi ne, na biyun ba namu ba ne a yanzu, na ukun kuwa yana iya mayar da kuɗinsa cikin shekara huɗu zuwa biyar, amma ga wasu masana'antu kawai, kuma bisa sharuɗɗan da mai tallan kayan ba kullum yake faɗa ba.

Tashar madubi ba ta buƙatar dogon bayani. Mafi shahara a Afirka ita ce Noor ta Warzazat a Maroko: kashin farko mai megawat 160 ya fara aiki a 2016, na ukun mai hasumiya da megawat 150 ya biyo a 2018. Gwanin ban sha'awa ne a hoto. Amma a lissafin IRENA, hukumar duniya mai kula da makamashi mai sabuntuwa, na 2023, lantarkin irin waɗannan tashoshi ya ninka na fano tsada fiye da sau biyu, kuma ba a gina su ƙanana; ƙasa da megawat 50 lissafin ba ya fita. Hasumiyar Noor ɗin ma ta tsaya cik na watanni masu yawa daga 2024, saboda tankin narkakken gishirin da take ajiye zafi a ciki ya yi yoyo. In ana sanyaya injin da ruwa, kowane megawat-awa yana shan kusan lita 3,000. Wanda ke son lantarki daga rana a jihar Maraɗi, hanyar da aka bi a Malbaza a 2018 da Goru Banda a 2023 ita ce tasa, wato fano.

Akwai kuma dalilin da ya shafi samaniyarmu. Madubi ba ya tara kowane irin haske, sai wanda ya sauko miƙe daga ƙwayar rana, irin wanda ke fitar da inuwa mai kaifi. Ranar da hazon hunturu ya taso daga kwarin Bodele na Chadi ya rufe gari, mutum ya dubi inuwarsa da tsakar rana: ta dushe, ko ta ɓace gaba ɗaya. Gari da haske, amma hasken a warwatse yake, madubi kuwa ba ya cin warwatsattse. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo, daga Yuli zuwa Satumba hadari. A ƙasar Oman, ƙura da iska ne suka sa kamfanin GlassPoint ya kulle madubinsa cikin gidajen gilashi a aikin Miraah, inda ake samar da tururi don haƙar mai, aka kuma sa injuna suna wanke rufin. Kamfanin da kansa ya durƙushe a 2020. Wannan a ƙasar da kuɗin mai ke tsaye bayan aikin ke nan.

To ina ribar take? A duniya, kusan kashi uku cikin huɗu na makamashin da masana'antu ke ci zafi ne, ba lantarki ba, kuma kusan sulusin wannan zafin bai kai digiri 150 ba. A Maraɗi rabon ya fi haka karkata zuwa ƙasa, domin ba mu da narka ƙarfe, ba mu da gasa siminti irin na Malbaza mai neman digiri 1,450. Abin da muke da shi jima ne na fatar jar akuya, wanda ke son ruwa mai ɗumi daga digiri 35 zuwa 60 wajen laushi da rini da shafa mai. Muna da masu sarrafa nono da yawurt, masu dafa madara a digiri 63 na minti 30 ko su kai ta 85 kafin a zuba iri, sannan su wanke tukwane da tiyo da ruwa mai digiri 60 zuwa 80 kowace rana. Muna da masu sabulu da ke narka mai, da mahauta da ke wanke daɓe da wuƙaƙe, da wankin asibitoci da masaukai, da masu busar da zogalen Jiratawa da tattasai da tumatir, waɗanda iska mai digiri 50 ta ishe su, in ta wuce haka sosai ma ganyen ya lalace. Duk waɗannan suna ƙasa da digiri 90, kuma a wannan mataki ba a buƙatar madubi ko kaɗan.

Kayan aikin iri biyu ne. Akwai akwati mai murfin gilashi, cikinsa baƙin faifan jan ƙarfe ko alminiyom da siraran tiyo a manne, bayansa audugar gilashi mai kaurin santimita 5. Wannan yana aiki da kyau har digiri 70 zuwa 80. Akwai kuma dogayen kwalaben gilashi masu ruɓi biyu da aka zuƙe iskar tsakaninsu, irin dabarar fulas ɗin shayi, waɗanda ke kai digiri 100 da ɗoriya kuma yawancinsu daga Sin suke zuwa. Dukansu suna cin hasken miƙe da na warwatse, shi ya sa hazo ke rage musu ƙarfi amma ba ya kashe su.

Wannan fasaha ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya jagoranci ONERSOL, hukumar makamashin rana ta ƙasa, tun daga 1969, kuma a can aka ƙera na'urorin dafa ruwa da murhun rana, har da injin da ke aiki da madubi mai siffar indararo. Ilimin ya daɗe a hannunmu. Abin da ya hana shi shiga masana'antu shi ne itace da man fetur sun fi shi araha a ranar saye, kuma ɗan kasuwa kuɗin yau yake dubawa.

Saboda haka a zo ga alƙalami. Lita 1 ta ruwa tana bukatar wat-awa 1.16 kafin zafinta ya ƙaru da digiri 1. Ruwan famfo ko na rijiyar burtsatse a nan yana fitowa wajen digiri 28. A kai lita 1,000 zuwa digiri 65 ke nan ana neman kilowat-awa 43, ma'aunin da kwantar NIGELEC ke ƙirgawa da shi. Litar gazuwal tana ɗauke da kilowat-awa 10, amma tukunyar tururi mai lafiya 8 take miƙa wa ruwa, sauran ya bi hayaƙi. Rana kuwa tana zuba kimanin kilowat-awa 6 a kan kowace murabba'in mita a Maraɗi a yini guda, in an haɗa shekara aka raba. Akwatin gilashi mai kyau, bayan an cire asarar tiyo da tanki da ƙura, yana kama ƙasa da rabi kaɗan, a ce 2.7.

A ɗauki masana'antar da ke shan lita 5,000 na ruwan zafi a yini. Bukatarta kilowat-awa 215, wato gazuwal lita 27. Ba a girka na'urar da za ta ɗauke duka. Kashi 60 cikin 100 ya isa, zan faɗi dalili nan gaba. Wannan murabba'in mita 48 ne da tanki mai lita 3,000, zai kuma rage gazuwal lita 16 kullum. In lita tana jika guda ba dala 76, wato sefa 620, an tsira da jika 10 a yini, miliyan 3 a kwana 300. A ƙaddara kowace murabba'in mita, da tanki da famfo da dako da duwan da kuɗin aiki, ta tsaya a jika 250. Kowa ya sa farashin da aka ba shi a gurbin wannan. Jimla miliyan 12. Kuɗi ya dawo a shekara huɗu, in an sa gyara a ce huɗu da rabi, kayan kuma in an kula da su suna kai shekara 15 zuwa 20. Ba kowace haja ce a babbar kasuwa ke ba da irin wannan riba ba.

Amma lissafin nan a kan ƙafa uku yake tsaye, kamar murhu, in ɗaya ta goce tukunya ta kife.

Ta farko yawan kwanakin aiki. Yawancin sana'o'inmu na sarrafa amfanin gona da kaka suke tashi, su lafa kafin bazara ta ƙare. Masana'antar da ke aiki kwana 120 a shekara miliyan 1.2 kawai za ta tsira da shi, kuɗinta sai shekara 10. Gazuwal in ba ka aiki ba ka saye. Na'urar rana kuwa ka riga ka biya kuɗin zafin shekara 20 tun ranar farko, ko ka yi amfani da shi ko ya tashi a iska. Wannan ne ya sa masu nono da majema da wankin asibiti, masu aiki rani da damina, suka fi masu gyaɗa dacewa da ita.

Ta biyu abin da ake ƙonawa yanzu. Zafin da muka ce na'urar za ta bayar, kilowat-awa 130 a yini, daidai yake da busasshen itace kilo 100 a rufaffen murhu mai kyau, ko kilo 200 a murhun duwatsu uku. Kafin lissafin ya yi daidai da na gazuwal, sai kilon itace ya kai dala 20 a na farko, dala 10 a na biyu. Mai sana'a ya auna daminsa a sikeli ya raba kuɗin, zai ga inda yake. Wanda ke matse gyaɗa kuma yana ƙona ɓawonta a tukunyarsa, wannan kada ma ya ɓata lokacinsa, makamashinsa kyauta yake zuwa tare da haja. Na san za a ce ai itace yana cin daji, kuma gaskiya ne. Jihar da ta yi suna da sassaben zamani, inda manoma suka raya gawo da kalgo a gonakinsu, ba ta kamata ta ƙone su a ƙarƙashin tukunyar sabulu ba. Sai dai asarar daji ba ta shiga littafin ɗan kasuwa, kuma muddin ba ta shiga ba, wa'azi ba zai sa ya sayi gilashi ba. Mai itace ya fara da gyara murhu, ya rufe tukunya, ya yi bututun hayaƙi. Wannan yana iya raba cin itacensa biyu da kuɗi kaɗan.

Ta uku inda kuɗin ya fito. In bashin banki ne da ruwa 12 cikin 100, miliyan 12 na haifar da kusan miliyan ɗaya da rabi a shekarar farko, wato rabin abin da aka tsira da shi. Ga mai kwana 120, ruwan bashin ma ya fi ribar. Da yawa cikin alhazan garin nan ba sa taɓa bashi mai ruwa, kuma ga wannan harka hakan bai zama cikas ba, don ta fi dacewa da murabaha, wato a saya maka kayan ka biya da ribar da aka yanke tun farko, ko da wani tsari da aka gwada a ƙasar Chile: a mahaƙar jan ƙarfe ta Gabriela Mistral, tun 2013, wani kamfani ne daban ya girka akwatunan gilashi kusan murabba'in mita 39,000 da kuɗinsa, yana sayar wa mahaƙar zafi bisa kwanta. Mai jari ya girka, ya kula da kayansa, mai masana'anta ya biya abin da ya sha a farashin da ya gaza na gazuwal. Kwantar zafi ba wata abar mamaki ba ce: ma'aunin yawan ruwa ne da ma'aunin zafi biyu, ɗaya a mashiga ɗaya a mafita.

Akwai kishiya da ya kamata a ambata, domin mai gaskiya ba zai ɓoye ta ba. Fanon lantarki ya yi arahar da yanzu ana iya haɗa shi da ƙarfen dafa ruwa kai tsaye, ba batir. Don samun kilowat-awa 130 ana bukatar fano mai wat 550 kamar guda 53, fili kusan ninki uku na akwatunan gilashi. Ba ya yoyo, ba ya toshewa, masu gyaransa sun cika gari, ranar da ba a bukatar ruwan zafi kuma a juya wutar ga firji ko injin niƙa. Mai ƙaramar bukata, ƙasa da lita 1,000 a yini, ko wanda wurin aikinsa ke nesa da rufin, sau da yawa fano ya fi masa. Daga lita dubu biyu zuwa sama, musamman inda fili ya yi ƙaranci, akwatin zafi ke gaba. A karɓi farashin duka biyun kafin a yanke.

Inda zafi ya yi wa lantarki fintinkau shi ne ajiya. Lita 1,000 da aka ɗaga daga digiri 30 zuwa 80 tana riƙe da kilowat-awa 58, abin da sai an jera manyan batura masu amfiya 200 guda 24 kafin a ajiye kwatankwacinsa. Tankin da aka naɗe da audugar gilashi mai kaurin santimita 10 digiri kaɗan yake zubarwa cikin dare, ruwan jiya ya yi wankin asuba. Ƙa'idar ita ce lita 50 zuwa 75 ga kowace murabba'in mita. A tuna tankin lita 3,000 tan 3 ne. Ƙasa ake dasa shi a kan kankare, ba kan rufin kwano ba.

Yanzu ga abin da ke kashe waɗannan na'urori, kuma kusan kullum abu ɗaya ne: tsayawar ruwa alhali rana na bugawa. Kuran ya ɗauke ƙarfe ɗaya na rana, famfo ya tsaya, ko an rufe don Juma'a ko Sallah, tanki ya cika da zafi ba mai ɗiba. Cikin ɗan lokaci akwatin gilashi ya haura digiri 150, kwalabe su wuce 200. Ruwan ciki ya zama tururi, robobin mahaɗa su ƙone, tiyon roba ya narke. Wuta na dawowa famfo ya turo ruwan sanyi cikin gilashi mai zafi, kwalabe su fashe a jere. Wannan ne dalilin tsayawa a kashi 60: na'urar da ta fi bukata girma ita ce ke yawan tafasa a banza cikin Afrilu. Maganin ba tsada. Famfon ya zama mai aiki da ɗan fanonsa na kansa, rana ta fito ya tashi, ta faɗi ya kwanta, ba ruwansa da NIGELEC. A shimfiɗa tiyo da gangara yadda in famfo ya tsaya ruwan zai sulale ya koma ƙaramin tanki a ƙasa, akwatunan su zauna fanko. A sa bawul mai sakin matsi da tulun da ke karɓar kumburin ruwa. Mita biyun farko daga akwati jan ƙarfe ko baƙin ƙarfe marar tsatsa, ban da roba. Cika ruwa kuwa da asuba ko bayan magariba. Mu a nan mun huta da abu guda: ruwa ba ya daskarewa, saboda haka ba sai an sayi maganin hana ƙanƙara da Turawa ke zubawa ba.

Na biyu ɓawon farar ƙasa, irin wanda ake gani a gindin butar shayi. Sama da digiri 60 yake fara kwanciya sosai, ya toshe siraran tiyo cikin shekara biyu ko uku in ruwan rijiyar mai nauyi ne. Hanyar kauce masa ita ce a rufe zagayen akwatunan da ruwa mai tsabta wanda ba a canzawa, zafin ya tsallaka zuwa ruwan aiki ta cikin faifan musayar zafi da ake iya kwancewa a wanke da ruwan tsami. Sai haɗa jan ƙarfe da tiyon galba kai tsaye, wanda ke sa tsatsa ta cinye galbar a mahaɗa. A raba su da mahaɗar tagulla ko roba mai jure zafi. Sai rufin tiyo na soso da aka bari a fili, rana ta farfashe shi, tsuntsaye su kwashe sauran. A lulluɓe shi da falankin alminiyom. In ba bawul mai hana komawa baya, da dare zafin tanki kan hau sama ya fice ta akwatunan, da safe a tarar da ruwa salab a ce na'urar ƙarya ce.

Maraɗi tana kan digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya, don haka akwatunan su dubi kudu da jingina ta digiri 15. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta arewa da kai take bi, shi ya sa jinginar da ta wuce haka asara ce, wadda ta gaza digiri 10 kuma tana tara ƙura da ruwa. Ƙafafun su kama kankare da ƙusa, saboda iskar farkon damina da ke yaye rufin kwano ba za ta raga wa gilashi ba. Da hunturu wanki sau biyu a mako, da sassafe, da tsumma mai laushi. Yaro ɗaya da bokiti ya isa, amma sai an sa shi cikin albashi, in ba haka ba aikin kowa ne, wato ba na kowa ba. Katanga ko waya kuma dole, don awaki da ƴan ƙwallo.

Masu tukunyar tururi suna da ƙofar shiga mai sauƙi: a ɗumama ruwan da ake ɗura wa tukunyar daga digiri 28 zuwa 80 kafin ya shiga. Wannan yana rage mai da kusan kashi 8 cikin 100 kawai, domin yawancin makamashin wajen mai da ruwa tururi yake tafiya, kuma duk wanda ya yi alkawarin rabi ta wannan hanya bai yi lissafi ba. Wanda tukunyarsa ke zubar da ruwan tururin da ya huce maimakon mayar da shi, ko tiyonsa tsirara suke, ya fara da waɗannan, sun fi rana araha. Suyar gyaɗa da toya ƙuli-ƙuli a digiri 170, da cire warin mai a matata sama da digiri 230, waɗannan sai madubi, kuma mun ga abin da hazo ke yi wa madubi. Su zauna kan gas ɗin matatar SORAZ ta Damagaram ko ɓawon gyaɗa tukuna.

Abin da hukuma za ta yi bai da yawa. Duk sassaucin duwan da fanon lantarki ke samu a ba gilashi da faifan jan ƙarfe da famfon waɗannan na'urori, domin tanki da ƙafafu da akwatin kansa masu waldar garin nan za su iya ƙerawa, kuma a nan ne jika 250 ɗin zai sauko. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta dasa ma'aunin hasken miƙe ta riƙa wallafa sakamakon wata-wata. Shekara biyu na wannan zai raba gardamar madubi da hujja. Cibiyoyin koyon sana'a su haɗa mai famfo da mai walda a darasi ɗaya, saboda aikin yana tsakaninsu ne.

Shi kuma mai masana'anta, kafin ya kira kowane mai talla, ya sayi kwantar ruwa da ma'aunin zafi ya ɗaura a tiyon ruwan zafinsa. Wata guda cur a rubuta lita nawa aka sha, a digiri nawa, da ƙarfe nawa, da gazuwal ko gas ko itacen da aka ƙona a ranar. In littafin ya nuna aiki ya haura kwana 250 a shekara, zafin bai wuce digiri 80 ba, kuma mai ko gas ake saye, to ya nemi farashi daga mutum uku, ya kuma sa a rubuta cikin yarjejeniya kilowat-awa nawa na'urar za ta bayar a watan Janairu, ba a watan Afrilu ba.